Asabar ɗin da mayo ya raba mu

Sai da na ajiye aikin asibiti na gane ban iya zama ba. Tun ina saurayi nake aikin jinya a ƙananan asibitocin karkara, bana a tura ni nan, baɗi can, kullum da mutane a kan benci suna jirana. Sai ga ni a gidana na Yelwa, an idar da sallar asuba, babu inda za ni. In zauna a zaure, in tashi in leƙa titi, in dawo in kunna rediyo, in kashe. Na kwance famfon tsakar gida da lafiyarsa ƙalau na sake ɗaurawa. Mai ɗakina ta jure na wata biyu, ranar nan tana tankaɗe ta ce, "Malam, don Allah ka nemi abin yi a waje. Zirga-zirgar nan taka har jiri take sa ni."

Wata Asabar da safe ina tsaye a ƙofar gida sai ga dattawa uku sun shigo layinmu a kan wasu kekuna masu 'yan ƙananan tayoyi, sirdi da kan keken sun yi sama kamar wuyan zalɓe. Masu shan shayi a tsallaken titi suna ta dariya. Na gaban na san shi, tsohon hedimastan firamare ne, ɗan ƙabilar Gude, Kirista, mun sha haɗuwa a lokutan rigakafi a makarantarsa. Ya taka birki ya sauka muka gaisa. Na ce masa, "Baba Hedimasta, keken jikanka ka aro?"

Ya sunkuya ya buɗe wata sakata a tsakiyar keken, ya karya shi gida biyu, ya kwantar da kan, ya danne sirdin, ya ɗauke shi da hannu ɗaya kamar jakar tafiya. Ya ce 'yarsa ce ta aiko masa. Shekarar da muka bar garin nan a guje saboda tashin hankali ya yi tafiyar ƙasa mai nisa da ƙafa mai ciwo, bayan an dawo ya ce mata yana son abin hawan da zai shiga bayan kowace mota. Sauran biyun, wani Alhaji mai sayar da hatsi da wani tela, a wajensa suka gani suka nemi nasu a wurin masu kayan gwanjo.

Kafin Asabar ta zagayo na sayi nawa. Shuɗi ne, fentinsa ya koɗe, giyarsa uku, ɗaya ba ta shiga sai an lallaba ta.

Asabar muke fita, tunda Juma'a tamu ce, Lahadi kuma ta su Hedimasta. Muna haɗuwa a gindin wani dogon yaro kusa da mai ƙosai, rana ba ta gama fitowa ba. Wani lokaci mu kai bakwai, har da malaman kwaleji biyu, amma waɗanda ba sa fashi mu huɗu ne. Su suka sa mini suna Likita, suka kuma ba ni aiki: kafin a tashi in fito da abin awon jini daga jakata in auna kowa. Na Hedimasta nakan rubuta a 'yar takarda, domin matarsa sai ta gani in ya koma gida. Doka ɗaya ce a tafiyar, shi ne a gaba, ba a wuce shi.

Dokar nan ita ta dame ni. Hedimasta yana tuƙi kamar mai tsoron ya tashi wani daga barci. Kuma kullum hanya ɗaya, Wuro Patuji, mu zaga ta bayan gonaki, mu sha fura da nono a wata ruga, mu juyo. A hanyar babu wanda bai koyar ba, ko shi ko ɗansa. Mai noma ya ɗago daga kunya, sai mu tsaya. Mata sun fito da itace, sai mu tsaya. A gaisa da Fulatanci, jam na, jam, a tambayi gida, a tambayi ruwa, a tambayi saniyar da ta yi ciwo makon jiya. Ni kuwa ƙafata ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan feda, ina murza ƙararrawa ba tare da na sani ba. Tela yakan yi dariya ya ce, "Likita, wa ke naƙuda ne a gaba?"

Babu kowa a gaba, na sani. Amma duwatsun nan na gabas suna tsaye a idona, damina ta yi musu kore, ni kuma ga abin hawa a ƙarƙashina, ana ce mini in tsaya in ji labarin saniya. Tsakiyar mako nakan fita ni kaɗai in zaga gari har sau biyu, in dawo jiƙe da gumi, duk da haka in kasa zama. Na fara yi musu maganar zuwa Muchalla, wani gari can wajen duwatsun. Na ce mun haddace Wuro Patuji, mu gwada wani wuri. Alhaji ya ce akwai hawa. Na ce in mun gaji sai mu ninke kekunan mu hau acaba mu dawo, ai amfaninsu ke nan. Hedimasta ya ce, "Likita, hanya yana nan, a bari ruwa ya ɗauke." Na ce in ruwa ya ɗauke zafi zai shigo. Mako huɗu ina wannan naci, har a waya. A na biyar ya ce to, Asabar mai zuwa.

Ranar na riga mai ƙosai zuwa gindin bishiyar. Sama tas a kan gari, sai can a kan duwatsu hadari ya yi baƙi ya zauna. Alhaji da Tela suka zo. Hedimasta, wanda bai taɓa makara ba, sai da rana ta fito sosai ya iso. Ya ce da ciwon kai ya tashi, amma ya sha shayi ya ji dama. Ya jingine kekensa, ya fara naɗe hannun rigarsa kamar yadda ya saba, ya miƙo mini damtse.

Na dubi rana, na dubi hadarin. Na ce, "Baba, mun makara. A bari in mun isa sai in auna kowa a huce."

Ya ɗan tsaya da hannun a miƙe, sannan ya sauke rigar ya ce to.

Muka bar gari, muka yi tafiya a kan babbar hanya, daga nan Alhaji ya nuna wata ratse da yake bi in zai sayo hatsi, wadda ta bi ta cikin gonaki ta tsallaka wani ƙaramin mayo, wato rafi. Ƙananan tayoyi ba sa son yashi, muna tafe muna tangaɗi. Hedimasta ya fi kullum sanyi. Na lura yana yawan goge fuska da hankici, na ce a raina zafi ne. Muna gab da gangaren mayon sai wani mutum a gonar gyaɗa ya kira shi, tsohon ɗalibinsa ne. Ya taka birki, Alhaji da Tela suka tsaya a bayansa.

Ni ban tsaya ba. Na kauce ta hagunsa na wuce, na ce, "Ku same ni a gaba." Na ji Tela yana kirana, ban waiga ba.

Mayon yashi ne fari da ɗan ruwa iya idon sawu. Na sauka na tura keken na haye, na hau wancan gefen, na danna. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Hanyar ta miƙe tsakanin dawar da ta fi ni tsawo, iska mai sanyi tana saukowa daga duwatsu, giyar nan mai gardama ta shiga da kanta. Na yi ta tuƙi har ƙirjina ya buɗe. Rabona da jin haka tun ranar da na miƙa makullan ɗakin magani.

A gindin wata tsamiya na tsaya jiransu. Na sha ruwa. Na zaga bishiyar. Na duba waya, babu sabis. Na hau wani dutse na hango hanya, ba kowa. Na ce wata gaisuwar ce ta riƙe su, har na fara shirya abin da zan gaya wa Hedimasta. Da jiran ya yi yawa na juya keken na koma, ina tafe ina tsaki.

Tun kafin in ga mayon na ji ƙararsa. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, amma an yi ruwa a kan duwatsu, ya gangaro gaba ɗaya. Inda na taka yashi ɗazu ya zama ruwa ja mai gudu, cike baki da baki, yana tafe da karan dawa da rassan itace. A tsallake na hango Tela yana kaɗa hularsa sama. A bayansa, ƙarƙashin wata bishiya, Hedimasta yana kwance a ƙasa, Alhaji ya tallafe kansa a cinya, mai gonar gyaɗa yana yi masa fifita da malafa.

Abin awon yana cikin jakar da ke bayana. Duk wanda ya san abin da za a yi a wurin nan ni ne, ga ni a wannan gefen.

Na yi kira da iya ƙarfina, ruwan ya haɗiye muryar. Tela ma yana magana, bakinsa kawai nake gani. Na yar da keken, na tuɓe takalma, na shiga. Taku uku ruwan ya kai mini cinya, yashin yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata, wani reshe ya buge ni a gwiwa na durƙusa. Sai na ji an riƙo wuyan rigata ta baya an ja ni. Wani dattijon makiyayi ne da ke tsaye da shanunsa a gefe yana jiran ruwan ya faɗa, ban ma lura da shi ba. Ya fito da ni ya zaunar a kan gaɓa. Ya ce, "Malam, saniya ma ba ya shiga wannan. Ruwan dutse ne. Ka bari zuwa azahar."

Na ce masa ɗan'uwana ne can kwance, ni ma'aikacin asibiti ne. Ya dubi tsallaken ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. In ka shiga, su biyu za a nema wa mota."

Na tashi na rasa inda zan sa kaina. Na bi gaɓar sama ina neman inda ruwan ya yi faɗi, na dawo, na bi ta ƙasa. Ko'ina ɗaya ne. Da na dawo daidai su sai na ga mai gonar ya ɗauko gora zai ɗura wa Hedimasta ruwa. Na ɗaga hannu biyu ina kaɗawa har Tela ya gani ya riƙe shi. Daga nan dabara ta zo mini. Na kwanta a ƙasa a kan gefena, na nuna musu. Na tashi na ɓalle maɓallin wuyana. Na ɗaga hannayena biyu sama na nuna Hedimasta. Tela ya gane, ya koma ya sunkuya ya yi masa magana. Na ga hannun dama ya tashi. Na hagun ya ɗan motsa ya faɗi.

Na san abin da na gani, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Na nuna hanyar gari, na yi alamar tuƙin mota, na yi ta nunawa kamar mahaukaci. Tela ya ɗare kekensa ya tafi. Mutumin da kullum yake ƙorafin gwiwa, ban taɓa ganin ya yi gudu irin na ranar ba.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Na kafa tsinke a bakin ruwa don in ga ko yana raguwa, in je in dawo in duba. Na buɗe jaka na fito da abin awon, na mayar. Makiyayin yana tsugune a kan dutse, ya miƙo mini goro, na karɓa na riƙe a hannu ban ci ba. Alhaji daga can yakan ɗago ya dube ni, ya mayar da kansa ƙasa. Can sai ga wata a-kori-kura ta masu ɗaukar hatsi tana tangal-tangal a cikin yashi, Tela a tsaye a baya. Suka shimfiɗa buhuna, suka ɗauki Hedimasta su huɗu suka kwantar. Alhaji ya ninke sauran kekunan biyu ya jefa a gefensa. Kafin motar ta juya Tela ya ɗaga mini hannu sau ɗaya.

Suka tafi, aka bar ni da ruwa da shanu. Wannan zaman ya fi na farko wuya, don yanzu babu ma abin kallo.

Makiyayin bai yi kuskure ba. Bayan azahar ruwan ya faɗa zuwa ƙugu, gudunsa ya ragu. Muka yi salla a kan gaɓa, ya kora shanun suka shiga, ya ce in bi ta ƙasansu inda suka tare ƙarfin ruwan. Na ninke keken na aza a ka, na riƙe gefen rigarsa da hannu ɗaya, muka haye. A babbar hanya na tari acaba, na rungume keken a cinya har ƙofar asibiti.

Matar Hedimasta tana zaune a baranda da 'yan cocinsu. Mama muke ce mata. Na durƙusa na gaishe ta, wandona duk laka. Ta ce likitoci sun ce jininsa ne ya hau ya taɓa ɓarin hagu, amma an kawo shi da wuri, yana gane mutane. Sannan ta ce, "Likita, da safe nawa ka samu? Na duba aljihunsa ban ga takardar ba."

Na ce, "Mama, ban auna ba."

Ta dube ni. Na ce ya miƙo hannu, ni na ce a bari sai mun isa. Ta juya ta kalli ƙofar ɗakin da yake, ta ce, "To." Mutane sun yi ta gaya mini daga baya cewa abin da zai faru sai ya faru, kuma na yarda. Amma na san aikina. Mai ciwon kai, mai irin shekarunsa, da na ɗaura masa abin nan na ga abin da ya nuna, gida zan mayar da shi.

Asabar uku ban je gindin dogon yaro ba. Na tura keken ƙarƙashin gado da lakarsa. Na koma zirga-zirgata tsakanin zaure da tsakar gida, wannan karon mai ɗakina sai dai ta ajiye mini abinci ta ɗauke shi yadda yake. Nakan je asibitin in tsaya a bakin ƙofa in tambayi ma'aikata, in juyo. Da aka sallame shi na kama hanyar gidansa sau biyu, ina kaiwa kwanar layinsu sai in wuce.

Tela ne ya zo ya same ni. Ko zama bai yi ba ya ce, "Baba ya ce ka zo. An ce a riƙa motsa masa hannu da ƙafa kullum, Mama ba ta iya ba, ya ce yana da likita a Yelwa."

Na same shi a kujera a ƙarƙashin mangwaron gidansa, ya rame, bakinsa ya ɗan karkace. Mama ta kawo mini kujera ta koma ciki. Na fara ba shi haƙuri, maganar tana sarƙewa. Ya bari na gama. Maganarsa a hankali take fita, sai na matso. Ya ce, "Kai ka ƙi aunawa. Ni kuma na san kaina yana ciwo, na hau keke. Mama ya yi mini faɗa, saura kai." Ya ja numfashi. "Wancan gefen mayo, yaya yake?"

Na ce ban gane ba. Ya ce ai ni kaɗai na haye, in ba shi labari. Na kama hannun hagun na fara lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ina gaya masa dawar da tsamiyar da iskar da ke saukowa daga dutse. Ya tambayi gonar wa ce, na ce ban tsaya na tambaya ba. Ya yi dariya da rabin baki.

Daga ranar kullum da safe ina gidansa. Mu yi hannu, mu yi ƙafa, in riƙe shi mu taka daga mangwaro zuwa ƙofa mu dawo. Aikin yana son haƙurin da ba ni da shi. Yatsa ɗaya sai mu yi mako muna fama, wani lokaci in ji kamar in fizge hannun in yi masa da kaina. Mama ta daɗe tana amsa gaisuwata a taƙaice. Wata safiya ta ajiye mini kunun gyaɗa a gefen kujera ba tare da ta tambaye ni ba, ta tsaya tana kallon yadda nake yi, ta ce in koya mata na yamma.

Fitar Asabar ta ci gaba. Hedimasta ya ce in ja gaba, na ƙi. Alhaji ne a gaba yanzu, ni ne na ƙarshe, kuma ba a tashi sai na auna kowa, ko da rana ta take. Ba zan ce na canza ba. Ina baya ina kallon bayan Tela, ƙafafuna suna ƙaiƙayi, in hanya ta miƙe sai na riƙe birki da gangan.

Wajen wata bakwai bayan faɗuwarsa ya ce yana son ya gwada hawa. Mama ta ce sam, 'yarsa ta bugo waya ta ce sam, ya bar su, bayan kwana biyu ya sake tayar da maganar. A ƙarshe aka yarda a kan filin ƙwallon tsohuwar makarantarsa, ranar da babu karatu. Muka sa shi a Keke Napep, kekensa a ninke a ƙafafunsa, Mama a gefensa riƙe da jakarta a ƙirji. Na sauke masa sirdin ƙasa sosai yadda ƙafafunsa biyu za su taɓa ƙasa. Na ɗora hannun hagun a kan keken na matse yatsun. Alhaji ya tsaya a dama, Tela a hagu, ni na riƙe sirdin ta baya.

Ya taka, keken ya yi hagu, muka tare. Ya sake takawa. A karo na huɗu ya miƙe, ina biye ina gudu a sunkuye. Ya ce, "Sake ni." Ban saki ba. Ya ce, "Likita, sake." Na buɗe hannuna, amma na ci gaba da gudu a gefensa, hannayena a buɗe, numfashina yana sama. Ya tafi a karkace har wajen ragar can ƙarshen fili. Juyawa ce ta gagare shi. Ya sauke ƙafar dama, ya tsaya, yana haki, ni ma ina haki.

Mama ta taho da sauri tana riƙe da zaninta. Ya ce mata sau ɗaya ya rage, zai koma inda ya taso. Ta ce ya isa na yau. Suka dube ni su biyu. Na kama wuyan hannunsa na ƙirga bugun, na ce ya huta tukuna, in ya sauka sai a gani. Muka zauna a inuwar aji mu huɗu, Tela ya tafi neman ruwan sanyi.